Ranar da Yaya Ya Yi wa Ganye Guga

Yayana mai wanki da guga ne, kuma idan ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya ƙirƙiro dutsen guga. Shagonsa yana bakin layinmu, tsakanin mai aski da kafinta, ɗaki ɗaya da tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da igiyoyin shanya ta baya. Aikinsa yana da kyau, wannan kam ba zan zalunce shi ba. Idan ya kafa wa wando kari sai ka yi hattara da yatsanka. Matsalar ita ce ya ɗauka duk abin da ke duniya wando ne. Ba a ambaci abu a gabansa bai ce ya san shi tun kafin a haife ka ba, kuma kowace magana da abu ɗaya yake rufe ta: "Ni fa gogagge ne." Da ya ishi mutanen layi da ita, sai suka bar sunansa na yanka suka koma kiransa Gogagge. Shi har yau yana ganin yabo ne.

Abin da Yaya ya tsana a duniya shi ne yamutsa. Ba ya iya ganin abu a yamutse ya wuce. Ya taɓa goge jaridar mai aski, ya taɓa goge katin asibitin Umma har rubutun ya gudu.

Ni ce autarsu. Shekara biyu ina zaune a gida bayan na gama karatu, kafin Allah ya sa wata ƙaramar makaranta ta ɗauke ni koyar da ajin ƙanana, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Gwajin wata uku aka ba ni. Shugabar makarantar mace ce da ba ta maimaita magana, kuma ta faɗa mini tun ranar farko cewa a taron iyaye na ƙarshen zango za ta ga abin da na iya, daga nan ta san ko in zauna ko in kama gabana. Wadda ta riƙe ajin kafin ni, a irin wannan taron aka sallame ta. Ina son aikin nan kamar raina, domin na san ɗacin zaman gida.

Darasin da na shirya ba shi da wuya ko kaɗan. Yaro zai ɗora farar takarda a kan ganye ko a jikin itace, ya kwantar da kala irin ta yara mai kama da kyandir, ya yi ta gogawa. Yana gogawa sai jijiyoyin ganyen su fito a takardar, ko tsage-tsagen ɓawon itacen, kamar an zana. Daga nan yaro ya gane kowane itace da irin jikinsa. A tsakar makarantar kuma akwai wata tsohuwar darbejiya mai kaushin jiki, wadda Shugaba take ji da ita har hotonta ne a bajen rigar yara. Ita na sa a raina.

Ana jibi taro ina zaune a tsakar gida da yamma ina gwadawa da ganyen gwaiba, sai ga Yaya ya shigo gaida Umma.

"Auta, me kike ɓata takarda a kai?"

"Gugar ganye nake gwadawa, Yaya. Ita yara za su yi a taron."

Ya tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa. "Guga kika ce? Ana maganar guga a gidan nan, ba a neme ni ba?"

"Ba irin taka ba ce."

"Guga guga ce. Akwai ta masu takarda da ta jahilai ne?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har na miƙa masa takardar ya gani. Bai kalla ba. Tun da kalmar guga ta shiga kunnensa ya rufe ƙofa. Umma kuwa, wadda ba ta taɓa ganin laifin ɗan farinta ba, ta sa baki.

"Ke ma dai Auta, ba ke ce kike kukan aiki ya yi miki yawa ba? Ki bar yayanki ya sa hannu mana."

Gaskiya aiki ya yi mini yawa. Washegari da an tashi sai na tafi babbar kasuwa sayen takardu da kala, in dawo in yanka su, in rubuta sunan kowane yaro. Sai na ce to, ya tsinko mini ganye arba'in, iri daban-daban, ɗanyu, ya kawo ranar Asabar da safe.

"Tsinkowa kawai, Yaya. Kada ka yi musu komai."

"Kin gama magana. Itacen fa, wanne za a goga?"

"Darbejiyar tsakar makaranta, amma ita ba ruwanka da ita."

Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo. Da na san abin da gyaɗa kan nan yake nufi, da na ciji harshena.

Abin da ya faru washegari ban gani da idona ba. Mai aski ne ya ba ni labari daga baya, yana yi yana share hawayen dariya, kafinta yana cike masa inda ya manta.

Tun da hantsi Yaya ya fito da buhu a kafaɗa. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Gogagge, yau kuma ina aka nufa da buhu?"

"Makaranta ce ta gayyace ni. Malamansu sun yi karatu, amma ba su da hannu. Ni zan nuna musu guga ta zamani."

"To Allah ya sa kada ka dawo wa mutane da 'ya'yansu da kari a goshi."

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Yaya, ya wuce.

Ya bi layi yana tsige duk abin da ya ga kore. Mangwaron bayan masallaci, gwaibar gidan direba, har ya kai ga furen da tsohuwar ungozoma take reno a tukunya a ƙofar gidanta. Yana cikin yi masa tas ta fito.

"Kai! Kai, ɗan nan! Shekara biyu ina ba shi ruwa!"

"Ilimi ne ya ci shi, Inna. Sadaka ce mai gudana."

"Yanzu kai ma za ka gudana," ta ce, ta rarumo tsintsiya.

Ya kuwa gudana, har kwanar layi. A can wani dattijo ya tare shi, ya dubi buhun ganye ya rage murya.

"Ɗana, ashe ka koma ba da magani? Akwai na basir?"

Yaya bai taɓa ce wa mutum bai sani ba, kuma ba ranar zai fara ba. Ya ce masa ya dawo ran Litinin.

Da ya isa shago ya zazzage ganyen a kan tebur, sai ransa ya ɓaci. Wannan ya nannaɗe, wancan ya tanƙware, kowanne bayansa jijiya ruɗu-ruɗu.

"Haba!" ya ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. "Wannan za a kai gaban manyan mutane? Yarinyar nan so take ta kunyata gidanmu."

Ya jiƙa su a baho da garin sabulu, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya tsoma a sitaci, ya shanya a igiya kowanne da abin maƙale shanya. Matan da ke wucewa suka tsaya suna kallo, wata ta tambaya ko ganyen ma yanzu kawo su wanki ake yi. Da suka sha iska ya hura dutsen guga ya ɗora a kan na farko. Ganye ya ce ƙauuu, hayaƙi ya turnuƙe shago. Ya ɗora a na biyu, haka. Kafinta ya ajiye zarto ya leƙo yana toshe hanci.

"Gogagge, wane irin ganye ne kake ƙonawa haka da rana tsaka? Ka bari hukuma ta jiyo warin nan, mu dai ba mu san ka ba."

"Aikin ilimi ne, ba sassaƙar benci ba."

Bayan ya ƙona goma sha ɗaya ya gano cewa sai an rufa musu kyalle. Ya miƙa hannu ya jawo abin da ya fi kusa, farar doguwar riga ta wani babban mutum mai tumbi da ke kawo masa wanki. Ya jera ganye a ƙarƙashin bayanta ya bi da dutse, ya danna da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ganye suka kwanta, amma jijiyoyin suka ƙi. Yaya ba a yi masa gardama. Ya shiga wurin mai aski ya aro reza, ya zauna a ƙofar shago yana kankare jijiyar kowane ganye ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje.

Mai aski ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu. "Shekara talatin ina aski, ban taɓa yi wa mangwaro gyaran fuska ba."

"Shi ya sa har yau kake inda kake."

Sai da ya gama ya ɗaga rigar ya ga abin da ya faru. Ruwan ganye ya fito ya zauna a bayanta, kore shar, ganye bakwai reras da jijiyoyinsu da komai. Kafin ya yi tunanin mayar da ita baho, mai rigar ya tsaya da mota yana danna oda. Yaya ya ninke ta da bayan a ciki, ya zura a leda, ya miƙa da hannu biyu. Da motar ta tafi ya ce wa mai aski ai mutum ba ya ganin bayansa.

Da la'asar ya karɓi samfefa a wurin kafinta, wannan takarda mai yashi da ake goge katako da ita, ya haɗa da burushin waya da bokiti, ya nufi makaranta. Mai gadi ya tare shi a ƙofa.

"Malama ce ta aiko ka?"

"Ni na rene ta."

Mai gadi ya ga wannan ma amsa ce, ya buɗe masa. Yaya ya zagaya darbejiya sau biyu yana shafa ta yana tsaki. Ya ce wa mai gadi wannan kaushin ai sai ya yayyaga takardun yara, kuma abin kunya ne a ce makaranta guda ba wanda ya lura. Ya tuɓe riga ya kama aiki. Ya bi ta da burushi, ya bi da samfefa, ya wanke da sabulu, ya sake bi, daga gindi har iya inda hannunsa ya kai. Da ya gama ya naɗe ta da zanen gado ya ɗaure da igiyar shanya.

Ranar Asabar na iso da sassafe da takarduna, na tarar da itace sanye da zane. Mai gadi yana ta washe baki yana cewa yayana gwarzo ne. Na ajiye kaya na nufi itacen zan ɗaga zanen, sai na ji muryar Shugaba a bayana.

"Malama, wannan dabarar taki ce? A buɗe itace kamar sabon gini?"

Na juyo. Tun da na zo makarantar ban taɓa ganin ta yi murmushi ba sai ranar. Me zan ce?

"Eh, ranki ya daɗe."

"Ya yi kyau. Kada ki taɓa, Ciyaman na kwamitin iyaye ne zai buɗe."

Wannan ƙaryar tawa ce, ba ta Yaya ba, kuma na biya ta kafin azahar.

Iyaye suka cika kujeru. Yarana ashirin da huɗu suka zauna a kan tabarmi, kowa da takarda da kala. Ciyaman na kwamitin iyaye ya iso a makare cikin farar riga ya zauna a kujerar gaba, bayansa a jingine. Ganye kuwa shiru. Ina ta duban ƙofa ina murza hannu, sai ga Yaya ya shigo cikin kaftani da ya sha sitaci har yana ƙara, da takalmi sau-ciki da ya matse shi yana tafiya kamar mai taka ƙaya. A hannunsa ledoji ne a jere, irin waɗanda yake sa rigunan mutane.

Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Iyaye, barkanku da zuwa. Ni ne ƙwararren da ya shirya kayan aikin nan. Shekara ashirin ina guga, ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Abin da za ku gani yau, ko a manyan makarantu ba a yi."

Wasu suka tafa. Na karɓi ledojin na buɗe. Kowane ganye an ɗora shi a kan kwali, ya yi sumul, ya yi launin ƙasa, yana ƙyalli yana ƙamshin sitaci. Ba jijiya ko ɗaya. Na dube shi, ya ɗaga mini gira, wai in gode daga baya.

Ba yadda zan yi, ido ya yi yawa. Na raba wa yara, na nuna musu yadda za su kwantar da kala. Suka duƙufa suna gogawa. Takarda ta yi ja, ta yi shuɗi, ta yi ruwan ɗorawa, ba abin da ya fito. Sai aka fara jin ƙaras, ƙaras, ganye suna rugurgujewa a ƙarƙashin takarda.

"Malama, nawa ya mutu."

"Malama, nawa ma."

"Malama, biskit ne?" Wannan har ya kai baki, na fizge.

Wata uwa daga layi na biyu ta ɗaga murya. "Wai me ya kamata mu gani ne?"

"Tsafta, baiwar Allah," in ji Yaya.

Wata 'yar ƙarama mai giɓi, wadda tun farkon mako take gaya wa babanta za ta zana masa ganye, ta dubi takardarta ta fashe da kuka. Na saci kallon Shugaba. Murmushin ya tafi, ta buɗe ɗan littafinta tana rubutu. Na ce a raina saura itace, itace zai fitar da ni.

"Yara, ku tashi mu je wurin darbejiya!"

Shugaba ta roƙi Ciyaman ya buɗe. Ya miƙe ya gyara hula, ya juya wa jama'a baya ya nufi itacen. Yaran ne suka fara gani.

"Ga ganye! Malama, ga ganye ya fito!"

Suka bi shi a guje suna nuna bayansa suna ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. Iyaye suka fara ƙunshe dariya, ta ƙi ƙunsuwa. Ciyaman ya ɗauka murna ake yi da shi, ya ɗaga hannu ya gaida jama'a, ya kama igiya ya ja. Zanen gado ya zame ƙasa, dariya ta ɗauke ɗif.

An yi wa darbejiya ƙwal-kwabo. Daga gindi har sama da tsayin mutum ta yi fari tas tana sheƙi, kamar ƙafar tebur. Daga can sama ne kawai ɓawonta na asali ya rage. A gindinta ruwan sabulun jiya ya kwanta ya zama caɓi.

Shugaba ta rufe littafinta a hankali. "Wa ya yi wa itacena haka?"

Ni dai na sunkuyar da kai ina jiran ƙasa ta tsage. Yaya kuwa ya matso gaba ya dafa ƙirji.

"Ni ne, ranki ya daɗe, kuma ba sai an gode ba. Da kin ga yadda na same ta, da kin yi kuka. Ki shafa ki ji, ko kumatun jariri albarka."

"Kai wane ne?"

"Yayan Malama. Ni na rene ta."

A daidai nan matar Ciyaman ta taso ta raɗa wa mijinta magana. Ya jawo bayan rigarsa ya leƙa ta kafaɗa, ya yi juyi ɗaya, ya yi na biyu yana bin ta kamar mage da wutsiyarta. Sannan ya ɗago ya ƙura wa Yaya ido.

"Kai! Ba kai ne mai wankina ba?"

"Ranka ya daɗe, ai wannan ado ne, ko a kanti…"

"Ado? Tsaya in yi maka naka adon!"

Ciyaman ya tattare riga ya yi kansa. Yaya ya duba ƙofa, iyaye sun tare. Ya duba katanga, ta yi tsawo. Sai ya yi abin da ya saba tun yana yaro, ya daka tsalle ya rungumi itace zai hau. Da ita ce darbejiyar shekaranjiya da ya tsira. Amma wannan shi ya goge ta da hannunsa, kuma aikinsa ba ya da algus. Ya yi sama taku biyu ya sulmiyo suuu, takalma suka yi nasu wuri, ya zauna daɓas a cikin caɓi, ƙafafu a miƙe suna kallon jama'a. Kaftanin sitaci ya yi laushi nan take.

Maza biyu suka rirriƙe Ciyaman suna ba shi haƙuri. Wuri ya kaure, wasu na dariya, wasu na neman jakunkunansu. Ni na tsaya riƙe da sauran takardu, na san aiki ya tafi. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Umma.

Ban ga lokacin da mai giɓi ta matsa ba. Har yanzu da hawaye a fuskarta, ta tsuguna a gaban Yaya tana kallon tafin ƙafarsa. Ƙafar Yaya kuwa sai wanda ya gani. Kaushi ne a kan kaushi, dunduniya duk faso, ya tsage ya yi rassa ya sake tsagewa. Matarsa ta gaji da saya masa dutsen goge ƙafa da man shafawa. Mutumin da ya bi ganye kusan talatin da reza bai taɓa duba ƙasan ƙafarsa ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Yarinyar ta juya takardarta, ta manna a dunduniyarsa, ta kwantar da kala kamar yadda na koya musu, ta goga. Shi ko ji bai yi ba, yana can yana yi wa Ciyaman bayanin ado. Ta ɗaga takardar sama da hannu biyu.

"Malama! Ya fito!"

Ya kuwa fito. Tsage-tsage da rassa da 'yan ramuka, raɗau, ko darbejiyar a kwanakinta ba za ta ba da wanda ya fi shi ba. Babanta ya karɓa yana jujjuyawa.

"Wannan wane itace ne?"

"Ƙafar Kawu ce."

Dariyar da aka yi, har mai gadi sai da ya zauna a ƙasa. Yara ashirin da uku suka yi layi a gaban ƙafa biyu. Yaya ya yunƙura zai janye, na dafa gwiwarsa na ce masa a hankali, "Wallahi Yaya ka motsa, sai na ce a sakar maka Ciyaman." Ya zauna.

Na ɗaga murya, ban san ma daga ina ta zo ba.

"Yara, me ya sa ya fito a ƙafar Kawu, bai fito a ganye ba?"

"Ƙafar Kawu tana da kaushi!"

"Jikin itacen nan fa, zai fito?"

Suka ruga suka gwada. "Bai fito ba, santsi ne da shi!"

"To ina kaushin itacen ya rage?"

Suka ɗaga kai suka nuna sama. Baban mai giɓi ne ya fara ɗora ta a wuya, ta manna takarda a inda hannun Yaya bai kai ba, ta goga, ɓawo ya fito. Nan da nan kowane uba ya ɗauki nasa. Iyaye mata suka tsinko ɗanyen ganye daga rassan da suka sunkuyo da shukokin bakin katanga, jijiyoyi suka fito a takarda. Har Ciyaman ya huce ya juya baya, yara suna gwada ganyensu da na rigarsa suna neman mai kama da shi. Shugaba ta tsaya a gefe tana kallo har aka watse.

Da kowa ya tafi na tsinci takardar mai giɓi a kan tabarma, na tsaya ina kallo. Raina a ɓace yake da Yaya, amma na kasa ajiye takardar. Fason nan na san inda ya samo shi. Shekara ashirin ke nan yana tsaye a cikin ruwan sabulu tun bayan rasuwar Baba, kuma da tsayuwar nan na yi karatu. Da ya ce shi ya rene ni, wannan ɗaya ba cika baki ba ne.

Ran Litinin Shugaba ta kira ni ofis. Ta ce ta kawo mai kula da itatuwa ya duba, ya ce ɓawon waje kawai aka ci, darbejiya za ta rayu, sai dai za ta daɗe tana jin kunya.

"Kin yi mini ƙarya a kan zanen gado."

"Na yi, ranki ya daɗe."

"Kada ki sake. Malamar da za ta iya fitar da darasi daga wancan abin, ina buƙatarta. Za ki zauna." Ta buɗe littafinta, ta sake rufewa. "Yayanki kuma, na gaya wa mai gadi, ko inuwarsa kada ta shigo."

Yanzu a bangon ajinmu akwai takardu a jere, kowace da sunanta a ƙasa: darbejiya, mangwaro, gwaiba, Kawu.

Da yamma na biya shagon in gaya masa na samu aikin. Na tarar da shi a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, mai aski da kafinta da dattijon basir suna saurare. Yana gaya musu cewa tun farko shi ya tsara komai, ganye da itace duk share fage ne, kuma yanzu haka aikinsa yana manne a bangon makaranta. Matarsa ta fito daga bayan shago da ruwan ɗumi a roba da dutsen goge ƙafa, ta dire a gabansa.

"Miƙo ta nan. Yau kam sai na kankare abin kunyar nan, duk gari an gani."

Yaya ya janye ƙafarsa da sauri ya ɓoye a ƙarƙashin benci.

"Ke, ki rufa mini asiri! Kayan koyarwa ne. Ba ki san guga tana ɓata su ba?"